Tire Ɗaya da Tsohuwa

Har gobe ba na manta ranar Talatar da aka kira ni ofis a Jidda, ina cikin watana na biyu da kama aiki. Ƙannena da kuke nan Batsari kuna jiran takardunku, don ku na rubuta wannan.

Aikina jinyar wata tsohuwa ce da ƙafafunta suka mutu. In yi mata wanka, in canza mata kaya, in ba ta magani da abinci. Ƙa'idar ofishin da ya kai mu ita ce, wata ukun farko gwaji ne. In masu gida suka ce ba su so, jirgi za a sa ki. Ni kuwa yara huɗu na baro wajen innata a Zakka, gonar mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, ta gagari zuwa.

Wadda ta saba da surfe da jan guga, wanke tsohuwa ba ya ba ta wuya. Shirun ne ya gajiyar da ni. Ƙofofi a rufe, ba mai sallama, ba mai tambayar ki kwanan yara.

Ɗiyar tsohuwar malamar makaranta ce. Kafin ta fita sai ta nuna mini tire guda da cokali biyu. Ni kuma in azahar ta yi, sai in ajiye wa tsohuwa tiren, in durƙusa, in ɗebi nawa a kwano in tafi bayan ƙofar kicin in ci. Haka aka rene ni. Shekara sha huɗu na yi da aure, surukata ba ta taɓa ganin ina tauna ba.

Sai tsohuwa ta fara ture tiren. Ta rame, ta daina amsa gaisuwata. Na ɗauka ciwo ne.

A ofis na tarar da Hajiya Rabi, mai yi mana tafinta. Iyayenta Katsinawa ne, amma a can aka haife ta.

"Saude, mi kika yi wa matar nan?"

"Wallahi Hajiya, ban san laifina ba."

"Ta ce ƙyamar ta kike. Wai don kina wanke mata jiki, shi ya sa ba ki iya cin abinci kusa da ita. Ko kallon idonta ba ki yi."

Na ce, "Hajiya, matar nan ta girmi innata. Ya zan buɗe baki in tauna a gabanta?"

Ta yi 'yar dariya ta girgiza kai. "Ɗiyata, kin ɗauko Safana kin kawo Jidda. Tun da take ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. Mako ɗaya suka ba ki."

Washegari na kai tiren na zauna a ƙasa. Ta bubbuga gefen gado. Na hau. Ta turo tsokar nama gefena, ta zuba mini ido. Na ɗauka na sa a baki. Sai da ta ga na haɗiye, sannan ta ɗauki cokalinta. Ranar ba ta rage komai ba.

Ba a mayar da ni ba. Na cika shekaruna biyu a gefen gadon nan.

Abin da na koya ke nan: aikin gidan mutane ba a hannu kaɗai yake ba. Ku tafi da ladabinku, amma tun makon farko ku sa ido ku ga abin da masu gidan ke kira girmamawa, ko da a wajenmu rashin kunya ne. Za ku iya. Ni ma na iya, sai dai har na dawo ban ji daɗin loma ko ɗaya ba.