Bangon da Na Gina wa Kifi

Karatuna bai wuce sakandare ba, amma a shekarar da ofishinmu ya karɓi aikin farfaɗo da wani rafi a bayan Ushafa, ni aka ɗora a kan leburori. Ƙasar Gwari ce tun kaka da kakanni. An ce kifi ya ragu, mu kuma muka zo da mota da hular kwano don mu dawo da shi.

Oga ya ce mini, "Ina son rafin nan ya fito tsaf a hoto." Wannan kaɗai na riƙe.

Akwai wani gangare inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. A nan na tarar da duwatsu jibge bisa juna, duk gansakuka. Na ce a kwashe. Wata tsohuwa mai ginin tukwane, da ke haƙar yumɓu a bakin rafin, ta sauke kayanta daga kafaɗa ta matso.

"Ɗana, wannan matakala ne."

"Ta wa, Mama?"

"Na kifi. In ruwan farko ya sauka, kawara yana hawa nan, ya je fadama ya yi ƙwai. Mu muke jera masa kowace shekara."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Mama, kifi da matakala? Saura mu saya masa takalmi." Leburori suka tuntsire. Ita kuwa ta saɓa yumɓunta ta tafi.

Muka zuba siminti, muka tayar da bango mai santsi, tsayinsa ya kai ƙirjina. Da hannuna na shafa masa fenti kore da fari. Ranar buɗewa manya suka zo da 'ya'yan tarwaɗa cikin jarkoki, aka juye su a ruwan da ke saman bangon ana tafi. An kira ni gaba an yaba mini.

Da ruwan farko ya sauka na koma duba fentina. Ambaliya ta riga ta yi gaba da tarwaɗar manya. A gindin bangon kuwa kawara ce maƙil, ƙanana masu sheƙi, suna tsalle suna bugun siminti suna faɗowa. Balbelu sun jeru suna kalaci. Mutanen ƙauyen na tsaye ba mai taɓawa, don a al'adarsu ba a kama kifin da ke kan hanyar ƙwai. Ni na cika leda. Na soya, kuma ya yi daɗi; ba zan ɓoye wannan ba.

Tsohuwar ta dube ni da ledata.

"Mai gyara, sannu da aiki. Wanda ya iya ginawa, ya iya fasawa?"

Na ce kayan gwamnati ne, sai da takarda. Na rubuta kuwa. Oga ya karanta ya ce, "Ka san hoton bangon nan ne a fuskar rahotonmu?"

Damina uku ke nan ba a yi bikin su a fadamar ba, wato kamun kifin gayya da ƙauyen ke yi bayan girbi, don babu abin kamawa. Ina da babbar guduma a gida, ranar Asabar kuma ba na zuwa aiki. Har yau takarda nake jira.