Rimot ɗin Gyara

Yayanmu mai hoto ne, amma duk layinsu ba mai kiransa da haka. Araha suke ce masa, shi kuma ya amsa har da ɗaga hannu. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kusa da ofishin katin shaida: kujera ɗaya, farin ƙyalle a bango, sai madubin da ya tsage ta gefe. Madubin ma a gwanjo ya samo shi, wai tsagi ba ya hana mutum ganin fuskarsa.

Abu ɗaya ne mai tsada a rayuwarsa, kyamararsa, ita kam ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba. Sauran duk tsince-tsince ne. Maratayinta daga jakar makaranta ya ciro. Abin da yake ɗora ta a kai mai ƙafa uku ne, ɗaya gajeruwa, sai an tokare ta da littafi. Ga murafan gilashi cike da gwangwani, ba wanda ya yi wa kyamarar daidai. In ka ce masa araha ba ta ado, sai ya ce shi ba ado ya fito yi ba.

Maganar ta taso ne daga bangon ɗakin Umma, mahaifiyarmu. Shekara talatin Yaya yana cika mata shi da hotunanmu da na jikoki. To idonta ya fara hazo, likita kuma ya ce abin gaba zai yi ta yi. Wata rana da yamma ta kira shi.

"Kai, zo ka nuna min kanka a bangon nan."

Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya sosa ƙeya. "Ai ni ke ɗauka, Umma."

"To ni dai ina so in gan ka a nan tun idon yana gani."

Na ce ya ba ni kyamarar in danna masa, ya kalle ni kamar na roƙi ƙodarsa. Umma ma ta ce ba ta yarda a rasa kowa a ciki ba. Kyamarar tana iya ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma, amma gwiwar Yaya ta daina gudu tuni. Saura rimot, wanda zai danna daga inda yake tsaye.

Na raka shi kasuwar gwanjo, a nan na ga yadda yake aiki. Yaya ba ya taɓa abin da ya zo nema. Ya hango rimot ɗin cikin wani daro na tarkacen wayoyi, bai sake kallonsa ba, sai ya ɗauki wata tocilan marar gilashi yana juyawa.

"Maigida, wannan ai ta mutu, sai binnewa," ya ce wa mai kayan.

"Haba Araha, ko jiya ta haska!"

Suka yi ta ja har ƙafata ta gaji. Da aka daidaita, ya miƙe yana kaɗe wando, sannan ya nuna daron da leɓe.

"Ɗan baƙin abin can, sa min gyara."

A hanya sai washe baki yake kamar gonar auduga. Na ce ya gwada shi mana tukuna. Ya ce kayan da ya zaɓa ba ya buƙatar gwaji.

Ran Lahadi muka taru a falon Umma, mu goma sha bakwai. Aka tokare gajeruwar ƙafar da littafi, Yaya ya tsaya kusa da Umma ya ƙame kamar soja. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Ya buga rimot ɗin a tafin hannu, ya hura masa iska, ya kara shi a kunne, yana ta dannawa, har da yi masa faɗa.

"Kai, kar ka kunyata ni gaban yara!"

Matarsa ce ta fara tuntsirewa, sai kowa ya ɗauka. Umma ta riƙe hannun rigarsa tana dariya har da hawaye. Ni kam dariyata ba ta kai ciki ba, don na ga idonsa ya kaɗa. Ya tafi wajen kyamarar a sanyaye, ya leƙa, sai ya tsaya cak.

Hoto arba'in da ɗaya! Ashe rimot lafiyarsa ƙalau. Yaya ne ya daɗe da kashe ƙarar kyamarar don kada ta firgita jariran da ake kawo masa, ya saba jin ɗaukar a ɗan yatsansa. Ran nan yatsan na nesa, bai ji komai ba.

Ya wanko biyu manya ya kawo wa Umma: na farkon, inda ya ƙame da kyau, da wani da matarsa ta matsa a wanko, inda yake hararar rimot, baki buɗe, Umma na maƙale da rigarsa. Ta kawo su dab da idonta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙa masa na farkon.

"Wannan sojan ban san shi ba, mayar da shi shago."

Ɗayan kuwa ta rungume shi a ƙirji.

"Wannan ne ɗana. Kafa shi ƙasa-ƙasa, inda hannuna zai kai in idon ya tafi."