Jibin da Ba a Ci Mutum Ɗaya

Ba zan manta da wata Juma'a ta watan Yuli ba, shekarata ta biyu ina aikin rabaran a Doha. Ku da ba ku zauna can ba, Juma'a ce ranar sujadarmu, don ita ce ranar hutu. Ɗakin sujadar ma karɓa-karɓa ake yi: mu na Hausa da safe, muna fita 'yan Indiya su shiga. Jama'ata ba su da yawa, galibi nas-nas ne daga Filato da Kudancin Kaduna.

Ranar ce matata Saratu ta cika shekara da rasuwa. Ban gaya wa kowa ba, girman kai irin na tsofaffi. Burina kawai in ambaci sunanta a Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da muke ci don tunawa da Almasihu. To, a dokarmu ta Angilika, rabaran ba ya yin Jibi shi kaɗai, sai da mai ci tare da shi. Babban limamin da ya horar da ni ina dikin, matakin farko na aikin, yakan ce, "Ko Bishop ne, in ba mai amsa masa, ya naɗe kayansa."

Na shirya bagade, na sa rigar limanci, na zauna. Shiru. Can sai ga wayar Ladi, shugabar mata zumunta, daga garin Al Wakrah.

"Baba, a yi haƙuri, an canza mana duty gaba ɗaya. Ka yi kawai, ni zan riƙa amsawa ta waya."

"Gurasar fa, 'yata? Ita ma ta waya?"

Ta yi 'yar dariya. "Khalas, shi ke nan, Baba, sai mako mai zuwa."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi niyyar karya dokar. Wa zai sani? Har na buɗe hannuwa na ce, "Ubangiji ya kasance tare da ku." Ba abin da ya amsa sai ƙarar na'urar sanyi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba. Na mayar da gurasar cikin akwatinta, na cire riga.

'Yan Indiya suka fara shigowa. Komawa ɗakina na unguwar Mansura ya gagare ni, sai na raɓe a bencin baya. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Amma da limaminsu ya buɗe hannuwa ya yi magana, na gane inda ya kai a sujadar. Suka amsa da yarensu na Tamil, ni na amsa da Hausa. Na bi layin karɓar Jibi na durƙusa, na miƙa tafin hannu kamar kowa. Nan na kira sunan Saratu.

Ku sababbin limamai, abin da na koya ke nan. Dā na ɗauka don jama'a aka kafa dokar nan, kada mu ci ba tare da su ba. Ashe saboda mu ne, mu da muka saba bayarwa har muka manta yadda ake miƙa hannu.