Likkafanin Inna

Ranar da Inna ta rasu, ni aka aika kasuwa sayen likkafani. Na tsaya wurin wani dattijo da ban sani ba, na faɗa masa na mahaifiyata ne. Ya auna farin yadi, har ya ɗauki almakashi, sai ya hangi ɗan tabon mai, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ajiye, ya jawo sabon bandir.

Raina ya ɓaci, ana jirana a unguwar Yerimaram. Na ce, "Baba, ƙasa fa za shi. Wa zai gani?"

Ya ce, "Ni na gani, ɗana. Ita kuwa ba ta da halin dawo min da shi."

A rumfarsa na fara kuka.