Laimar da Ƙwai Yake So

Ranar Laraba ce, tsakanin Magariba da Isha'i, a tsakiyar bazarar shekarar da na shiga aji biyu na firamare. Wurin kuwa tsakar gidan kakata ne a Horo Birni. Waɗanda suke nan mu uku ne: ni, da Kaka, da wata kaza durgu, wato mai gajerun ƙafafu, wadda take kwance kan ƙwai cikin fasasshiyar tukunya a gindin randa. Ba wanda ya zo, ba kuma wanda muke jira.

Haka yawancin yammacinmu yake. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Mahaifina ya tafi kudu neman aiki, ya bar baƙar laimarsa a rataye bayan ƙofa, ya ce zai dawo kafin girbi. Bai faɗi wane girbi ba. A wasu gidaje yara kan cika tabarma idan za a yi gatana, kamar yadda ake kiran tatsuniya a wajenmu. A gidanmu ni ne taron. Duk da haka Kaka ba ta taɓa rage murya don ni kaɗai ne ba. Da an sauke tuwo sai ta tura guntun itace cikin murhu, garwashi ya yi ja, ta miƙe ƙafa.

"Maigida, matso," in ji ta. Haka take kirana don tsokana. "Maigidan da ba shi da ko akuya. Ga ta nan tahe, a ba ta wuri."

"Ta shigo ta zauna," na amsa.

Gatanar ta Kaza ce da Zabuwa. Kaza ba ta son ƙafarta ta taɓa ruwa, don haka ta hau kan wani busasshen dutse ta zuba ƙwai, ta kwanta, ta rantse ba za ta tashi ba sai da 'ya'ya. Zabuwa kuwa a ƙasa ta yi nata, gindin sabara. Kullum da sassafe sai ta bar ƙwan, ta ratsa ciyawa, ta dawo ƙirjinta sharkaf da raɓa, ta kwanta. Kaza tana hangen ta daga sama tana cewa ga uwar banza mai yawo. Da kwanaki suka cika, Kaza ta ji ƙwanƙwasa a ƙarƙashinta. A nan Kaka takan sa farce ta ƙwanƙwasa ƙwarya, ta sirantar da murya: "Inna, buɗe muna!" Kaza ta ce ƙofar daga ciki ake buɗe ta. Suka ce rigarsu ta bushe a jikinsu, ba su iya juyawa. Suka yi ta kira har kiran ya ragu, ya tsaya. Da yamma Zabuwa ta wuce ta ƙasan dutsen, 'ya'yanta na bin ta.

"To mi Kaza ta yi na laihi?" na tambaya. "Ai ba ta tashi ba."

"Ba ta tashi ba, gaskiya na. Ɗumi ta ba su, ba ta ba su laima ba. Ƙwai na son laima. Ta ƙare, wuta ma ta mutu, tashi ka yi alwala."

Na kwana da maganar. Laima ɗaya na sani a duniya, ita ce ta bayan ƙofa. Da gari ya waye na taka turmi na ciro ta, na je gindin randa na buɗe ta a kan tukunyar. Ta buɗe da ƙara, bam! Kazar ta yi tsalle ta bar ƙwan tana kururuwa. Kaka ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya, ta dube ni, ta dubi laimar.

"Subhanallahi! Yaushe anka naɗa kazata sarauta ban ji ganga ba?"

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmin tana share ido. Sannan ta ɗauki buta, ta zagaye gindin tukunyar da ruwa kaɗan, ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙwan ba. Ta kama hannuna ta ɗora tafina a ƙasa. Akwai sanyi, akwai danshi, amma ba taɓo.

"Wagga ita ta laima, Maigida. In ta yi yawa ɗiyan su nutse cikin ƙwai, in ta yi kaɗan riga ta riƙe su."

Ta naɗe ɗaya laimar a hankali, ta goge ta da bakin zane, ta mayar bayan ƙofa. "Wagga ta ubanka ta. Bar ta ta jira shi."

Na girma na yi aikin rediyo har na yi ritaya. Na karanta hasashen yanayi sau da yawa, na faɗi danshin iska kashi kaza cikin ɗari, ban taɓa haɗa shi da tafina a gindin randa ba. Yanzu ina zaune a Bodinga, a gida mai ɗakuna huɗu da nake amfani da ɗaya. Matata ta rasu. 'Ya'yana suna birane, suna kira ranar Juma'a, mu gaisa da kyau, mu tambayi lafiya, mu yi sallama.

Don in sami abin tashi dominsa da safe na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai aiki da sola. Na fara gwaji da ƙwan kasuwa. Zafin injin na tsare shi kamar lokacin labarai, ban bari ya gota ba. Tiren ruwan da ke ƙasa kuwa ina cika shi da safe in manta da shi, alhali a bazararmu kafin Azahar ya ƙafe. Rana ta ashirin da ɗaya na ji 'yan tsaki suna kuka a cikin ɓawo, na yi ta buɗe murfi ina leƙawa, ɗan danshin da ya rage yana ficewa. Washegari shiru. Na fasa guda ɗaya: ɗan tsako cikakke, bakinsa a waje, farar fatar cikin ƙwan ta manne masa kamar takarda. Na daɗe zaune da shi a hannu. Muryar da na ji ta Kaka ce: "Inna, buɗe muna."

Bayan mako biyu Asabe, 'yar gwaggona, ta zo daga Horo Birni da ƙwarya a cinya. Ita ta riƙe irin kajin Kaka duk shekarun nan. Ciwon kaji ya share su, saura durgu ɗaya, ita ma muzuru ya kama ta kafin ta fara kwanci. Ta bar ƙwai tara.

"Yaya, su ke nan," in ji Asabe. "In sunka lalace, irin Kaka ya ƙare. An ce kai da injinka kun riga kun yi kisan kai sau ɗaya."

"An faɗi daidai."

"To in bar su, ko in koma da abina?"

Na ce ta bar su. Na sayi agogon auna danshi. Kwana goma sha takwas na riƙe shi tsakanin kashi hamsin da hamsin da biyar cikin ɗari, ina ƙara ruwa mai ɗumi safe da rana da yamma. Na gane faɗin ruwan ne yake ba da danshi, ba zurfinsa ba, sai na sauya tiren da mai faɗi. A kwanaki ukun ƙarshe na daina juya ƙwan, na sa jiƙaƙƙen soso, agogo ya hau kusan saba'in, na hana hannuna taɓa murfin.

Kwana ukun nan na yi su a kan kujera ina kallo ta gilashi, kuma zaman jira yana kawo tunani. Na kasance uba irin Kaza. Ban taɓa tashi daga kan aiki ba. Abinci bai yanke ba, sutura ba ta yanke ba. Amma nakan yini ina magana da mutanen da ba na gani, in dawo gida bakina a bushe. Ban tuna ranar da na ba 'ya'yana gatana ko ɗaya ba. Wataƙila sun ƙwanƙwasa. Ban sani ba, a lokacin ina kan iska a gidan rediyo.

Rana ta ashirin da ɗaya biyar suka fito, uku daga ciki durgu. Na ba Asabe durgu biyu, na riƙe ɗaya. Na ɗauki hoton sauran na aika wa 'yata ta fari, na rubuta mata labarin baƙar laima, wanda ba ta taɓa ji ba. Ta kira ranar Talata. Ta ce idan an yi hutun ƙarshen shekara za ta kawo yara in ba su da bakina.

Hutu bai zo ba tukuna. Durgun da na riƙe ta girma, yau kwananta shida kwance kan ƙwai bakwai a gindin randa. Injin a kashe yake.