Hana-Kasuwa

Har yau in na ji warin kwalta mai zafi, sai in ganni a bakin rafinmu, shekarun da kuɗin man fetur suka fara fasa hanyoyi a ƙasar Faskari.

Bari in kwatanta maka wurin. Ruwa yakan gangaro daga duwatsu, ya rabu uku cikin fadama kamar sawun kaza, sannan ya haɗu ya matse tsakanin duwatsu biyu. Matsin nan suna biyu gare shi. Da rani Taki-Ɗaya ne, don ko akuya tsallake shi take yi. Da damina kuwa Hana-Kasuwa, sunan da mahaifin kakana ya raɗa ranar da ruwan ya tsare shi da jakinsa har kasuwa ta ci ta watse.

Da bazara masu hanya suka iso. Kai, ranar ko tuwo ban nema ba! Muka bi katafila muna ihu har muryoyinmu suka dushe. Injiniyansu ya tambayi sunan wurin, aka ce Taki-Ɗaya, ya rubuta, ya ce 'yar kwalbati ta isa.

Kakana na ji ya ɗauko sandarsa. Rakensa na sama da matsin, kuma ya san in kwalbati ta shaƙe, ruwa zai koma baya ya shanye gonar kaf.

"Malam, da rani ka zo," in ji shi. "Ruwan ga suna biyu garai, guda ka rubuta."

Aka kwashe da dariya, wai tsoho na gaba da ci gaba. Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni. Shi ko a jikinsa. Ya ja hannun injiniya zuwa gindin kanya, ya ɗaga sanda ya nuna masa karare da busasshen yayi da ruwan bara ya saƙale a reshe, can sama da kan mai tsawo. Injiniya ya daɗe yana kallo, sannan ya soke abin da ya rubuta.

Gada aka yi, babba, rake ya tsira. Ranar kasuwar farko da rafin ya cika, Kaka ne ya fara hayewa, muna biye muna tsalle. Ya tsaya a tsakiya ya leƙa ruwan, ya ce shi ke nan, da hannunsa ya binne sunan da ubansa ya raɗa.

Gaskiyarsa. Bara na tambayi jikata sunan wurin, ta ce ai Gada ne.