Bakin Malam, Muryar Alaramma

Ni ba injiniya ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, na bi wani mai ɗaukar biki har na iya riƙe kyamara. Shekara da shekaru, duk azumi, ni ke ɗaukar tafsiri a masallacin wani Alhaji a Nassarawa GRA, in tura hoton ta waya zuwa talabijin ɗin garejinsa, inda mata ke zama. Da aikin nan nake ciyar da gidana har Sallah.

Kyamara ɗaya gare ni. Alaramma mai jan baki ya karanto aya, in juya ta kan malam ya fassara. Ba wanda ya taɓa ƙorafi, sai shekarar da Hajiya, matar Alhajin, ta ce jujjuyawar nan jiri take sa ta, kyamara biyu take so irin na gidan talabijin.

Kyamara biyu kuwa sai da suwica, ɗan akwatin da ake soka wa wayoyin biyu, ka danna maɓalli hoto ya koma kan wanda kake so. Na aro kyamara, na shiga kasuwa neman suwica. Mai kyau ko babur ɗina na sayar ba zai saye ta ba. Ta farko da na saya, farin rawanin malam ta mayar kore. Ta biyu hoto ras, amma ƙara kamar injin markaɗe. Ta uku mai shagon har rantsuwa ya yi.

"Maigida, irinta ake sawa a Makka."

"Ka je Makkan ne?"

"Wana ya je."

Na gwada ta a ɗakina a Kaura Goje, lafiya lau. Ashe sai ta ɗau zafi take nuna halinta: hoto ya yi gaba, murya ta biyo baya tana jan ƙafa.

Ranar ɗaya ga azumi, bayan la'asar, ina cikin masallaci ina danne-danne, ban san abin da ke fita a gareji ba. Can mata na kallon bakin malam yana motsi, muryar alaramma na fita. In na koma kan alaramma, yana zaune bakinsa a rufe, sai a ji shi yana yi wa mata faɗa da Hausa kan gulma. Aka ce wata tsohuwa har ta nemi tsari, sauran suka kwashe da dariya ana tsakiyar karatu.

Da aka tashi, Alhaji ya kira ni a gaban direbobi.

"Mai hoto, an ce ka koya wa alaramma magana da ciki."

"Ranka ya daɗe, akwatin ne."

"Shi ya kawo kansa?"

Na ce a ba ni zuwa gobe in nemo wata. Da me zan nemo, ni ma ban sani ba. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Ka huta, malam. Azumi da wahala."

A unguwarmu in an kore ka, da zagi ake haɗa maka, ka rama ka ji sanyi. A GRA hutu ake ba ka. Washegari na zo duk da haka, na tarar da motar wani kamfani a bakin masallaci ana sauke kayan ɗaukar hoto. Na tsaya a waje tare da masu gadi, na ji tafsirin ta lasifika.

Suwicar tana nan. Matata ke tokare ƙofar kicin da ita.